A Kashe Gobara Tukuna, Sa'an Nan A Nemi Wanda Ya Kunna Ta

 

Maganar wannan mako wani dattijo ne ya ɗora mini ita, na kuwa daɗe ina ɗauke da ita ban sauke ba. A tsakiyar watan Agusta na 2025, muna zaune a ƙofar wani masallaci a nan Daura bayan sallar la'asar, sai rediyo ya ba da labari cewa shugaban Amurka Donald Trump da shugaban Rasha Vladimir Putin sun gana a Alaska a kan yaƙin Rasha da Yukren, sun tashi ba a tsai da wuta ba. Wani daga cikinmu ya ce kaico, da ma sun ajiye makamai ko da na wata guda ne. Dattijon nan, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a fataucin shanu tsakanin Damagaram da Kurmi, ya gyara zama ya dube ni ya ce, "Malam, in tambaye ka. Ɓarawo ya haura gidanka, ya shiga turakarka ya zauna, kana tsaye da sanda. Sai maƙwabta suka zo suka ce kowa ya tsaya inda yake, a daina duka. To, shi yana turaka, kai kana tsakar gida. Wannan sulhu aka yi, ko kuwa ɗaki aka ba ɓarawo?"

Jama'a suka yi dariya. Ni kuwa ban yi ba, domin a kan wannan tambaya ce manyan jakadun duniya suka yi ta tuntuɓe tun ranar 24 ga Fabrairu 2022, da rundunonin Rasha suka kutsa cikin Yukren. An zauna a Santambul a watan Maris na shekarar, aka tashi hannu banza. A watan Yuni na 2023 shugabannin Afirka, da Cyril Ramaphosa na Afirka ta Kudu a gaba, suka je wa kowane ɓangare har gida, aka saurare su da ladabi aka sallame su. Abin lura shi ne yadda bakunan suka yi musaya. A ƙarshen 2022, sa'ad da Yukren take ƙwato garuruwanta har ta karɓe Kherson, ita ce take cewa ba za ta tsai da wuta ba sai baƙo ya fita daga ƙasarta. Da al'amari ya juya, a ranar 11 ga Maris 2025 a birnin Jidda Yukren ta amince da shawarar Amurka ta tsai da wuta na kwana 30, sai Rasha ta ce ita kuma sai an fara warware tushen rikicin. Duk wanda ya taɓa rabon faɗan yara ya san wannan hali: wanda yake sama ba ya son a raba.

Tilas in fara da ba dattijo gaskiyarsa. Musulunci bai ce a rufe ido ga zalunci don kawai a samu shiru ba. Amma ina roƙon mai karatu ya ɗauko Alƙur'ani ya duba aya ta 9 ta Suratul Hujurati, ya lura da yadda aka jera matakan da ke cikinta game da ƙungiyoyi biyu na muminai da suka kama faɗa. Umurnin farko na shiga tsakani ne, tun ba a ambaci mai laifi ba. Batun yaƙar wadda ta ƙetare haddi ya zo ne a mataki na biyu, kuma an yi masa iyaka, watau da zarar ta dawo kan hanya an gama. Sa'an nan aka koma ga sulhu, a nan ne kuma aka ɗaure shi da sharaɗin adalci. Ashe ke nan adalci ba a yar da shi ba, wurinsa aka nuna masa a cikin jeri. Wani zai ce ai ayar tana magana ne a kan muminai, su kuwa waɗancan mutane galibinsu Kirista ne. Haka ne, ko da yake akwai Musulmi a cikin rundunonin ɓangarorin biyu. Amma babban misalin da muke da shi na tsai da yaƙi, Manzon Allah ya ƙulla shi ne da mutanen da ko Littafi ba su da shi.

A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita daga Madina da sahabbai wajen 1,400 da nufin Umra, suna sanye da harami, suna kore da dabbobin hadaya. Ƙuraishawa suka tare hanya, sai ya sauka a Hudaibiyya. A tuna fa su wane ne waɗannan Ƙuraishawa. Su ne suka fitar da shi daga garin haihuwarsa, suka cinye gidajen Muhajirai da dukiyarsu, suka kashe Sayyadina Hamza a Uhudu, kuma shekara guda kafin wannan rana su ne suka tattaro ƙabilu suka yi wa Madina ƙawanya a yaƙin Gwalalo. In dai ɓarawon da ya shiga turaka ake nema, to, ga shi nan, kuma turakar da ya zauna a ciki Ɗakin Allah ne.

Manzanni suka yi ta kai da komo. Budailu ɗan Warƙa'u ya zo, Urwatu ɗan Mas'udu ya zo, aka aika Sayyadina Usmanu cikin Makka har aka yi jita-jitar an kashe shi, sahabbai suka yi mubaya'a a gindin itaciya cewa ba za su gudu ba. Ana cikin wannan hali wasu 'yan takife daga Makka suka lallaɓo da makamai don su auka wa sansanin Musulmi, aka kama su, Manzon Allah ya sake su. Wannan wuri yana da muhimmanci ƙwarai, domin a kowace shawarar sulhu akwai masu fitowa su yi ɓarna don a fasa, kuma shugaban da ya biye musu ya ba su abin da suka zo nema.

Daga ƙarshe Suhailu ɗan Amru ya zo da ikon ƙulla magana. Sharuɗɗan da aka rubuta, in mutum ya karanta su da idon ranar, ba su da daɗin ji ko kaɗan. Musulmi za su juya a bana ba su yi ɗawafi ba, sai baɗi su zo su yi kwana 3. Wanda ya gudo daga Makka zuwa Madina ba da izinin waliyyinsa ba za a mai da shi, wanda ya gudu daga Madina zuwa Makka kuwa ba za a mayar ba. Suhailu ya ƙi yarda a rubuta laƙabin manzanci a jikin takardar, ya ce da ya yarda da wannan ai da babu faɗa. Sayyadina Aliyu, wanda yake rubutu, ya kasa sa hannu ya goge, sai Manzon Allah ya ce a nuna masa wurin, ya goge da kansa. Tawada ba ta bushe ba sai ga Abu Jandal, ɗan shi Suhailun, ya ɓullo yana jan mari a ƙafa, ya tsero daga azabar da ake yi masa saboda ya musulunta. Uban ya ce da shi za a fara cika alkawari. Aka mai da shi, Musulmi suna kallo, zukata kamar su fashe. Sayyadina Umaru ya kasa daurewa, ya je wurin Manzon Allah ya je wurin Sayyadina Abubakar yana tambaya, shin ba mu ne a kan gaskiya ba? Tambayar dattijonmu ke nan, ba ragi ba ƙari.

Abu ɗaya Musulmi suka samu a takardar nan: an ajiye yaƙi shekara 10, kowa ya yi tafiyarsa cikin aminci. Ba a warware batun annabci ba, ba a warware batun Ka'aba ba, ba a mayar wa Muhajirai ko bukka ɗaya ba. Duk da haka a kan hanyar komawa Madina Suratul Fathi ta sauka, ta kira wannan al'amari buɗi. Cikin wannan sarari ne aka aika wasiƙu ga sarakunan duniya, cikinsa ne Halidu ɗan Walidu da Amru ɗan Asi suka zo Madina da ƙafarsu suka musulunta. Yarjejeniyar ba ta ma cika shekara biyu ba, Banu Bakrin suka auka wa Huza'a da taimakon Ƙuraishu, alkawari ya warware. Amma wanda ya zo Hudaibiyya da mutum 1,400 ya shiga Makka a watan Ramalan na shekara ta 8 da mutum 10,000, kusan ba a zub da jini ba. Shi kansa Suhailu ya musulunta, ya kuma tsaya da ƙarfi a kan addini ranar da wasu suka so juyawa bayan wafatin Annabi.

Malaman fiƙihu sun ba wannan babi suna muhadana. Imamu Shafi'i ya tsai da iyakarta a shekara 10 saboda koyi da Hudaibiyya, malamanmu na Malikiyya kuwa suka bar tsawonta ga ijtihadin shugaba gwargwadon maslahar jama'a. Tsoron da ake yi, cewa abokin gaba zai yi amfani da hutun ya wasa takobinsa, Alƙur'ani bai ɓoye shi ba. A Suratul Anfali, nan da nan bayan aya ta 61 wadda ta yi umurni da karkata ga zaman lafiya in abokan gaba sun karkata, aya ta gaba ta ɗauko batun yiwuwar yaudara, ba ta kuwa soke umurnin saboda ita ba. Aya ta 58 ta nuna abin da ake yi in alamun ha'inci sun bayyana, shi ne a sanar da su a fili cewa alkawari ya ƙare, kada a far musu suna ganin akwai amana. An ruwaito cewa Mu'awiya yana da yarjejeniya da Rumawa, sai ya matsa da runduna kusa da iyaka don ya auka musu da zarar wa'adi ya cika. Wani tsohon sahabi, Amru ɗan Abasa, ya sukwano a kan dabbarsa yana kabbara yana gargaɗi a kan ha'inci, ya tuna masa abin da ya ji daga Manzon Allah. Mu'awiya ya juya da rundunarsa. A lura, bai karya ko harafi ɗaya na takarda ba, amma an hana shi, domin Rumawa suna zaton yana gida.

Wanda yake son ya ga abin da jinkirin karɓar sulhu yake jawowa, ya tuna da yaƙin Iran da Iraƙi, wanda manyanmu suka bi labarinsa a rediyo shekara takwas. Iraƙi ce ta fara, ranar 22 ga Satumba 1980. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a daina faɗa, amma bai ce Iraƙi ta janye ba, bai kuma ambaci mai laifi ba, wannan ya ƙona ran mutanen Iran, kuma suna da hujja. A watan Janairu 1981 shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Makka da Ɗa'ifa, suka ɗora wa wani kwamiti aikin shiga tsakani a ƙarƙashin Ahmadu Seku Ture na Gini, tare da irin su Dauda Jawara na Gambiya da Ziya'ul Haƙ na Pakistan. Suka yi ta zirga-zirga tsakanin Tehran da Bagadaza. Ministan harkokin waje na Aljeriya, Muhammad Siddiƙ Benyahya, ransa ma ya bayar a wannan hanya, domin an harbo jirginsa a watan Mayu 1982 yana kan hanyar Tehran.

A cikin wannan wata na Mayu 1982 Iran ta ƙwato birninta na Khorramshahr. Ɓarawo ya fita daga turaka ke nan. Saddam Husaini ya ce ya yarda a tsai da wuta. Shugabannin Iran suka ce a'a, sai an hukunta wanda ya fara, sai an biya diyya, sai Saddam ya sauka. A watan Yuli, cikin azumi, suka tsallaka cikin ƙasar Iraƙi. Aka ƙara shekara shida ana yi. Aka tura yara matasa cikin filayen nakiya, aka yi ta jifan birane da makamai masu linzami, Iraƙi ta watsa iskar guba, har a garin Halabja a watan Maris 1988 ta hallaka mutanenta Kurdawa wajen 5,000. A ranar 18 ga Yuli 1988 Iran ta karɓi ƙuduri mai lamba 598 wanda aka zartar tun shekara guda kafin nan, Ayatullahi Khumaini ya kwatanta karɓar da shan dafi. Wuta ta tsaya ranar 20 ga Agusta. Iyaka tana nan inda take, Saddam yana nan kan kujerarsa, Musulmi dubu ɗaruruwa suna cikin ƙasa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a labarin. Abin da Iran ta kasa samu da igwa, ta same shi bayan igwa ta yi shiru. A watan Agusta 1990 Saddam da kansa ya koma ya amince da yarjejeniyar iyaka ta Aljiyas ta 1975, wadda ya yaga kafin ya fara yaƙin. A watan Disamba 1991 kuma babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Perez de Cuellar, ya ba da rahoto cewa Iraƙi ce ta tsokano yaƙin. Hukuncin da aka ce ba za a ajiye makami ba sai an ji shi, ya zo shekara uku bayan an ajiye.

Mu dawo gida, don kada a ce sai a ƙasashen Larabawa ake samun misali. Kakanninmu ba su da kalmar tsagaita wuta. In sarki da sarki suka daina yaƙi, cewa ake yi sun yi amana, kuma ina ganin kalmarsu ta fi tamu nauyi, domin mai karya ta sunansa maci amana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno sun yi ta musayar wasiƙu a kan halaccin yaƙin da ke tsakaninsu, kowa malami, kowa da hujjarsa, Bello ya adana wasu daga ciki a littafinsa Infaƙul Maisuri. Babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa na yarda ka fi ni gaskiya. Amma bayan karon da aka yi wajen 1827, inda Yakubun Bauci ya tare rundunar Shehu Laminu, manyan daulolin nan biyu suka bar neman kawar da juna, kowa ya san iyakarsa, gardamar kuwa ta zauna a cikin littattafai inda ba ta kashe kowa. Haka nan mutanen Kabi har yau suna tunawa da Lafiyar Toga, 'yan shekarun nan na sararawa da aka samu tun wajen 1867 tsakanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da daular Usmaniyya.

Mu a Daura ɗaya fuskar muka gani. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin nan da tutar Shehu, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Daga nan ƙasa ɗaya ta koma gida uku, Daura da Zango da Baure, kimanin shekara ɗari. Babu wanda ya iya gamawa da wani, babu kuma wanda ya iya haƙura da wani. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: Damagaram ta yi ƙarfi, musamman a zamanin Sarki Tanimu, ta ɗora hannunta a kan Zango da Baure, talaka kuwa yana noma da ido ɗaya a kan dawa saboda mahara. Ba ni da niyyar tono laifin kowa, dukkansu kakanninmu ne, jininsu ya riga ya gauraya a cikin jikokinsu. Abin da nake so a gani shi ne yadda al'amarin ya ƙare. Baƙi ne suka zo suka ƙare shi. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kawo Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a Daura a 1906, sa'an nan Turawan biyu suka ja layi a tsakiyar gonakinmu, suka bar wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura, wajen Magarya, a hannun Faransa. Layin nan shi ne wanda muke tsayawa a kansa a Kwangwalam ana duba mana takardu in za mu je suna ko jana'iza gidan dangi.

Layin nan kuwa saura kaɗan ya zama fagen daga a idonmu. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Muhammadu Bazum a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja ranar 30 ga wata, suka ba da wa'adin mako guda, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya take ba Nijar. Duk wanda yake Daura a lokacin ya san yadda manyan motoci suka yi jerin gwano a hanya, kaya suna lalacewa a ciki, ya kuma san yadda kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi ta rame, ita da shanunta da yawa daga arewa suke gangarowa. Mata suna tambaya, in an fara harbi, 'ya'yansu da ke aure a Matamaye da Magarya ta ina za su bi? A nan ma akwai masu hujjar dattijonmu, suna cewa in aka ƙyale wanda ya ƙwaci mulki da bindiga, gobe wani zai yi. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba.

Amma dubi waɗanda suka tashi. Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'adu Abubakar suka sauka Yamai ranar 3 ga Agusta, ba su samu ganin Janar Abdurrahman Tchiani ba, suka dawo. Mutum mai girman kai da ya ce an wulakanta shi, ba zai sake komawa ba. Ranar 5 ga wata Majalisar Dattawan Nijeriya ta ba da shawarar a bi hanyar lalama. Ranar 9 ga wata Malam Muhammadu Sanusi na Biyu ya shiga wurin Janar Tchiani tare da Sarkin Damagaram, watau magajin gidan nan da kakanninmu suke jin tsoron dawakinsa shi ne ya zama ɗan rakiyar mai neman sulhu. Ranar 12 ga wata ayarin malamai na ɓangarori daban-daban, da Shaihu Abdullahi Bala Lau a gaba, suka zauna da shugabannin sojan suka yi magana da harshen da kowa yake ji ba tafinta. Ranar 19 ga wata Janar Abdussalami ya koma, a wannan karo ya ga Tchiani ya kuma ga Bazum. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba. A ranar 24 ga Fabrairu 2024, gab da azumi, ECOWAS ta ɗage takunkumi, a watan Maris aka buɗe iyaka.

Kada in yi wa mai karatu ƙarya, tushen rikicin bai warware ba. Bazum bai koma kan mulki ba, Nijar kuwa ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a watan Janairu 2025. Wanda ya ce an yi hasara a nan ya faɗi gaskiya. Sai dai ina so ya zo ya tsaya a Kwangwalam ya dubi gabas da yamma, ya ƙidaya garuruwan da ke jikin layin nan tun daga Kabi har Barno, ya gaya mini wanne daga ciki ya yarda a ƙone don a gyara wancan al'amari.

Game da Rasha da Yukren, abin da na lura da shi shi ne, duk alherin da aka samu a yaƙin nan daga ƙananan amanoni ya fito, waɗanda ba su jira an warware babbar magana ba. A watan Maris 2022 an buɗe hanya ta 'yan sa'o'i daga garin Sumy, ɗalibai baƙi suka fita, cikinsu har da 'ya'yanmu 'yan Nijeriya. A watan Yuli 2022 Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla yarjejeniyar fitar da hatsi ta Baƙin Teku, ta yi shekara guda tana aiki kafin Rasha ta janye, a daidai lokacin da tsadar alkama da takin zamani ta iso har kasuwanninmu. A zaman Santambul na 16 ga Mayu 2025 ba a tsai da wuta ba, amma an yarda kowane ɓangare ya saki fursunoni 1,000, aka kuwa sake su, uwaye dubu biyu suka ga 'ya'yansu. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ƙatar su ma sun shiga tsakani wajen musayar fursunoni da mai da yara ga iyayensu. A ganina irin wannan yaƙi, inda kowane ɓangare yake da mai ba shi makami, da wuya ya ƙare da takardar da za ta ce wane ne mai gaskiya. Ya fi kama da ya tsaya a kan wani layi da kowa zai ce bai yarda da shi ba, kamar yadda yaƙin Koriya ya tsaya a 1953 ba tare da yarjejeniyar zaman lafiya ba. Kuma mai rauni yana da haƙƙin ya nemi masu lamuni da za su tsaya masa, don kada hutun ya zama tarko. Neman lamuni ba ƙin sulhu ba ne.

Abin da na ce wa dattijo a ranar ya fi wannan gajarta. Na ce, "Baba, misalinka ya yi, amma ka manta abu guda. Sa'ad da kuke dambe da ɓarawon nan fitila ta faɗi, danga ta kama, yaranka kuwa suna barci a ɗakin uwarsu. Maƙwabtan ba ɗaki suka ba shi ba, ruwa suke so a bari su zuba. Gobe da safe ga alƙali, ga shaidu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, in alƙalin ma tsoron ɓarawon yake yi fa?" Na ce wannan kam ita ce cutar duniyar yau, tun da wanda ake ƙara yana da kujerar da zai hana a yanke hukunci a Kwamitin Sulhu. Ban iya ba shi amsar da ta wuce cewa mai rai yana iya jiran wani alƙali, wanda ya ƙone kuwa shari'arsa sai a Lahira. Bai ce ya gamsu ba, ni ma ban matsa masa ba.

Da za mu tashi sai shi da kansa ya tuna mana abin da muka gani wata guda kafin wannan hira. Ranar 15 ga Yuli 2025, da aka kawo gawar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, aka yi masa salla a nan Daura, cikin manyan baƙin da suka zo har da firayim ministan Nijar, Ali Lamin Zain, wanda gwamnatin sojan nan ta naɗa a cikin makonnin da ake shirin yaƙarta, da kuma tsohon shugaba Mahamadu Isufu. Dattijo ya ce shi ma a ranar baƙi goma sha ɗaya suka kwana a gidansa, 'ya'yan ƙanwarsa ne da maƙwabtansu daga wajen Matamaye, sun tsallako ta Kwangwalam da safe a motar haya. Aka kira magariba, muka miƙe.